Tafintan Maman Jonah

Tun bakwai na safe Rosemary ta tsaya a ƙofar gidan Yamusa a Dutse Alhaji, baƙin zane, baƙin ɗankwali, jaka a hammata. Lucia, matar Yamusa, ta leƙo ta ce ta shigo ko kunu ta sha. Ta ce a'a, ita Baban Prudence take jira, wato Yamusa.

Da ya fito yana ɓalla maɓallin riga, sai ta ce, "Kai za ka raka ni Maitama. Turancinsu na jirgi ba irin na coci ba ne, kai ka san yarensu. Duk abin da suka faɗa a kan ɗana ka juya mini da Hausa. Kada ka rage ko kalma ɗaya."

Yamusa ya ce to. Yo me zai ce? Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ranar da mijinta ya rasu shi ya ɗauki kan akwatin gawar. Kuma shi ne, da wannan bakin nasa, ya kai ɗanta Jonah wurin da ya mutu.

Yamusa makaniken jirgi ne. Shekara goma sha tara yana aiki a wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin helikwafta a bayan gari, mai jirage uku, 'yan ƙanana masu kujera biyu, irin waɗanda in iska ta taso sai an ɗaure musu farfela da igiya. Lokacin da Jonah ya sami gurbin karatu a can, Rosemary ta ce sam. Ta je ta ga jirgin da idonta, ta ce wannan ai keke napep ne aka ɗora wa fanka a ka. Yamusa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Maman Jonah, wallahi ya fi okadar da kike hawa zuwa kasuwa lafiya sau ɗari. Kuma ba ga ni a wurin ba? Hannuna ne ke taɓa shi kullum." A kan wannan maganar ta saki ɗanta.

Ga yadda aikin yake. Kowane jirgi da littafinsa. Doka ta ce matuƙi in ya sauka, ya ji wata ƙara ko wani wari da bai gane ba, ya rubuta. Da zarar biro ya taɓa takarda, shi ke nan, jirgin ba ya sake tashi sai an gyara an sa hannu. To kayan gyara daga ƙasar waje ake yo odarsu, sai su yi wata biyu a hanya, ɗalibai na zaune suna hamma, Oga Bernard mai makarantar yana zagaye yana huci. Saboda haka mutanen wurin suka ƙirƙiro tasu dokar, wadda ba wanda ya taɓa faɗinta a fili: ba a rubutawa, da baki ake faɗa. Ka ja makanike gefe ka raɗa masa, shi kuma ya lallaɓa abin. Ɗalibin da ya kuskura ya rubuta, an dinga yi masa kallon matsoraci ke nan, sunansa kuma ya dinga zamewa ƙasan jerin masu tashi. Shekara da shekaru ana haka, littattafan nan tas da su, sai ka ce na sababbin jirage.

Wata Alhamis, wata huɗu da suka wuce, Jonah ya sauko daga jirgi ya nufi littafin da biro a hannu. Ya ce ya ji ƙaurin roba a bayan kujerarsa, kuma jirgin ya ɗan girgiza shi sau biyu. Yamusa ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce, "Kai, ina hankalinka? Gobe za ka yi doguwar tafiyarka ta farko kai kaɗai. In ka rubuta wannan, zama ya kama ka sai bayan damina. Bar mini, zan duba." Jonah ya ce, "To, Baba," ya mayar da biron aljihu. Yaro ne mai ladabi, uwarsa ta hore shi da kyau. Da mai taurin kai ne da yau yana nan.

Yamusa ya duba kuwa, Allah shaida ne. Bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela ya fara tsagewa a gefe. Ya nuna wa Oga Bernard, Oga ya sa tabarau ya leƙa ya ce, "Wannan zai kai mu ƙarshen wata." Shi ma Yamusa a ransa ya ga zai kai, don ya ga waɗanda suka fi wannan lalacewa sun kai. Ya ƙara ɗaure shi, ya goge hannu, ya tafi gida. Washegari da hantsi jirgin ya faɗo a wata gonar masara a bayan duwatsun Mpape, ya kama da wuta. Masu fasa dutse ne suka fara isa wurin, ba abin da suka iya yi sai salati. Wutar ta cinye Jonah, ta cinye bel ɗin.

Gidan Oga Bernard a Maitama irin gidajen nan ne da sai ka yi tafiya daga get kafin ka ga ƙofa. An jera fararen kujeru a babban falo, an ajiye lemo da cincin a kan tebur, sai ka ce suna ake yi. Iyayen sauran ɗalibai sun kai goma sha biyar. Tun bayan hatsarin wasu ke cewa za su janye 'ya'yansu, kuma don su aka kira taron nan, kada ma wani ya ruɗe ka. Rosemary dai an ba ta kujerar gaba, an rungume ta, an kira ta Mama. Ta ja Yamusa ya zauna a damanta, ta karkato masa kunne.

Oga Bernard ya fara da neman shirun minti ɗaya, wanda bai kai rabin minti ba. Sannan ya ɗaga rahoton masu bincike, ya shiga zuba Turanci.

"Me yake cewa?" in ji Rosemary.

Yamusa ya raɗa mata, "Yana cewa irin wannan jirgin da shi ake koyon tuƙi a ƙasashe da yawa. Wai dubban matuƙa a cikinsa suka koya."

"Na ji. Sai me?"

"Wai in an ga sunansa ya yi yawa a labarin hatsari, don ya fi sauran yawan tashi ne, kuma 'yan koyo ke riƙe da shi. Wai motar koyon tuƙi ta fi kowace mota shan karo, amma ba wanda ya ce a daina ƙera ta."

Ta gyaɗa kai. Oga ya haska wani zane a bango, jan layi da shuɗin layi, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ya ce kada a tsaya ƙirga yawan hatsari, a auna shi da awannin da jirgi ya yi a sama, a nan za a ga gaskiya. Ya iya magana, wannan kam ba a raba shi da ita. Har wani uba mai babbar riga ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya sauke hannu.

Sai Kyaftin Fatihu ya miƙe. Tsohon matuƙi ne da ya yi ritaya, siriri mai farin gemu, iyayen ne suka dage sai an gayyato shi tunda shi ba a ƙarƙashin Oga yake ci ba. Ko kallon zanen bai yi ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya dunƙule, yana magana a hankali.

Yamusa ya ce, "Yana cewa shi ma a irin jirgin ya koya, kuma har gobe yana son sa, amma jirgi ne da ba ya yafiya. Farfelarsa ba ta da nauyi. In ƙarfin inji ya yanke a sama, akwai wata sanda a hannun hagun matuƙi da dole ya danna ta ƙasa nan take, don iska ta ci gaba da juya farfelar, ya sauko a hankali. A babban jirgi kana da lokacin tunani. A wannan, sakan ɗaya ne zuwa biyu. In ka wuce haka, farfela ta mutu, ba ta sake tashi."

"Sakan biyu nawa ne?"

Yamusa ya buga yatsa a kan gwiwarsa, ɗaya, biyu. Ta daɗe tana kallon gwiwar.

Daga nan gardama ta kaure. Oga ya ce ai shi ya sa suke sa ɗalibi ya gwada danna sandar nan sau hamsin kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Kyaftin ya ce gwaji da malami a gefenka, kana sane za a yanke inji, daban yake da ranar da abin ya zo maka ba sallama. Oga ya ce a je a duba ko'ina a duniya, yawancin hatsarin waɗannan jirage hannun matuƙi ne. Kyaftin ya ce ƙwarai kuwa, tunda matuƙin ba ya nan balle ya kare kansa. Iyaye suka rabu biyu, wasu na cewa a sayo manyan jirage, wasu na cewa wa zai iya kuɗin makarantar in aka yi haka. Wani ma cewa ya yi rai a hannun Allah yake, ko a kan gado ana mutuwa. Ka ji fa, a gaban uwar da ta binne abin da ko fuska babu.

Yamusa na ta juyawa, kalma bayan kalma. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne dukansu biyun gaskiya suke faɗa. Jirgin ba mugu ba ne, kuma jirgin ba ya yafiya. Amma su suna maganar jirage dubu ne a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, shi kuwa bel ɗaya ya sani, mai tsaga a gefe wadda farcen babban yatsansa ya shiga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk lokacin da wani ya ambaci inji sai ya ji zufa na bin bayansa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki.

Wata mata da ake kira Madam Jessica, mai 'ya a aji ɗaya da Jonah, ita ta yanke surutun. Ta ce ita ba ta zo jin lissafi ba. Ƙarfin injin ya yanke ko bai yanke ba? In ya yanke, me ya yanke shi?

Oga Bernard ya buɗe shafin da ya riga ya sa wa alama, ya karanta.

"Faɗa mini," in ji Rosemary.

"Masu bincike sun ce wuta ta cinye abubuwa da yawa, ba a iya tantancewa ba. Sun ce ba a taɓa rubuta wata matsala a kan jirgin ba. Saboda haka sun fi zaton..." Yamusa ya tsaya nan.

"Kada ka rage."

"Sun fi zaton ɗalibin ne ya ruɗe, ya yi kuskure da hannunsa."

Ba ta motsa ba. Oga ya ɗaga littafin jirgin sama yana buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya don kowa ya gani, sannan ya nuna kujerar gaba. Ya ce ga babban makanikensu nan, shekara goma sha tara, kuma maƙwabcin marigayin ne, tamkar uba yake a wurinsa, in akwai wanda ba zai yi wasa da ran yaron ba to shi ne. Ya ce Yamusa ya tashi ya gaya wa jama'a ko akwai wani ƙorafi a rubuce.

Yamusa ya tashi. Ya ce babu komai a rubuce. Wannan kam ba ƙarya ba ce, har ya fara neman kujera da bayansa.

"Dakata, malam," in ji Kyaftin Fatihu, shi ma da Turanci. Tsohon ya san irin waɗannan makarantu, ya ci tuwonsu ya sha ruwansu. Ya ce, "Ban tambaye ka littafi ba. Littafin da ya cika tsabta ni tsoro yake ba ni. Da baki fa? Yaron nan ya taɓa ce maka ya ji wani abu a jirgin?"

Oga Bernard bai harare shi ba, bai yi gyaran murya ba, murfin biro kawai yake buɗewa yana rufewa. Yamusa ya tuna lasisinsa. Ya tuna kotu, da hotonsa a jarida. Ya tuna Prudence da saura mata shekara ɗaya ta gama karatun jinya, da Lucia da hawan jininta. Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya kasa shi ne matar nan da ke zaune dab da ƙafarsa, wadda in ya faɗi gaskiya da Turanci sai ya sunkuya ya sake faɗa mata da Hausa.

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Bai taɓa ba."

Kyaftin ya dube shi har sai da kallon ya yi nauyi, sannan ya zauna. Yamusa ma ya zauna.

"Me ya tambaye ka?" in ji Rosemary.

"Ya ce ko Jonah ya taɓa gaya mini ya ji wani abu a jirgin."

"Ka ce me?"

"Na ce bai taɓa ba."

Ta ce, "To."

Aka yi addu'ar rufewa, ta Kirista da ta Musulmi. Iyaye suka tashi suna gaisawa da Oga, har da masu cewa yanzu hankalinsu ya kwanta. Oga ya ce direbansa ya kai Mama gida, Rosemary ta ce ta gode, ƙafarta lafiya lau.

Unguwar masu kuɗi ba a samun motar haya a ƙofar gida, sai da suka taka har babban titi, ita a gaba shi a baya. Rana ta take, hadari na haɗuwa ta wajen Mpape. Suka tsaya a ƙarƙashin wata bishiya inda ake tare motocin Dutse. Yamusa ya ga shirun ya yi yawa, ya ce, "Maman Jonah, sai haƙuri. Rahoto ai takarda ce kawai. Mu mun san yaronmu."

Ba ta kalle shi ba. Titi take kallo. Ta ce, "Baban Prudence, shekara talatin ina sayar da doya a Abuja. Kana tsammani ba na jin Turanci?"

Ta ci gaba, idonta na kan titi.

"Ranar Alhamis ɗin nan da ya dawo, tuwon masara na yi masa. Yana ci yana ba ni labari. Ya ce Mama, yau na ji ƙauri a jirgi, na ɗauko biro zan rubuta Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, yana tunanin da safe ya je ya rubuta kawai, kome za a ce a ce." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Ka san me na ce masa? Na ce kul. Na ce mutumin da ya girmi ubanka, wanda ya kai ka wurin, shi za ka kunyata a gaban ogansa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ni na faɗa masa haka, da bakina. Na ƙara masa miya."

Yamusa ya dafa bishiyar.

"Wata huɗu ina jira ka shigo gidana ka faɗa. Kana zuwa kana kawo mini gawayi, kana gyara mini famfo, kana kallon ƙasa. Na ce ƙila kunyata kake ji, bari in kai ka inda za a tambaye ka a gaban mutane. Wallahi da ka faɗa, da na tashi na tsaya kusa da kai na ce mu biyu ne, ni da shi. Da ko kotu aka kai ka, tare za mu je. Ni in na faɗa wa zai ji? Za su ce baƙin ciki ya taɓa wa tsohuwa kai. Kai ne mai sa hannu." Sai yanzu ta juyo ta dube shi, idonta a bushe. "Yaron da bai taɓa yi mana musu ba, mun kashe shi, yau kuma ka tsaya an rubuta cewa bai iya aikinsa ba."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Zan koma. Yanzu zan koma in faɗa musu. Kyaftin bai tafi ba tukuna."

"Koma mana," in ji ta. "Ga hanya nan."

Ya juya ya kalli layin da suka fito. Ba nisa, tafiyar minti goma ce, ana ma hango jan rufin gidan ta saman itatuwa. Ya kalla, ya sake kalla. Ita kuwa ta tsaya tana jira, ta ba shi lokaci har ya ishe shi. Ƙafarsa ba ta ɗaga ba.

Wata tsohuwar mota ta ci burki a gabansu, direban ya leƙo yana kira, "Dutse! Dutse Alhaji! Saura mutum biyu!"

Rosemary ta gyara jakarta, ta buɗe ƙofar baya. Direban ya ce, "Madam, ke da oga ne?"

Ta ce, "Ni kaɗai ce."

Ta shiga ta ja ƙofa. Direban bai tafi nan da nan ba, ya ci gaba da danna hon yana neman cikon mutum ɗaya, yana kallon dattijon da ke tsaye a gindin bishiya yana kuka. Da ya ga ba shi da niyyar shiga, ya yi tsaki ya ja motarsa.